Jigon Girma a Cikin Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙagaggun labaran da suka fito sakamakon gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a shekarar 1933, a ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha nazari ta fuskoki da dama. Wasu manazarta sun dube shi a matsayin madubin tarihin cinikin bayi da fataucin hamada a ƙarshen ƙarni na 19. Wasu kuma sun ɗauke shi littafin wa'azi mai koyar da haƙuri da yarda da ƙaddara. Akwai kuma wani ƙorafi da aka saba ji a azuzuwan adabi, wato cewa tauraron littafin ba shi da kataɓus: a sace shi, a tsince shi, a kama shi, a tafi da shi, shi kuwa bai ƙulla komai da kansa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi littafin ta fuskar jigon girma, wato yadda yaro kan zama cikakken mutum har ya gane abin da rayuwarsa ta ƙunsa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, girman Umar bai kammala ba a lokacin da ya zama malami a ƙasar Masar. Ya kammala ne bayan da ya san wahalar da wasu suka sha a kansa, ya kuma karɓe ta a matsayin wani yanki na tarihinsa. Har ila yau, za a nuna iyakar wannan fahimta, domin akwai tambayar da littafin ya je bakinta sannan ya ja da baya.

2.0 Marubucin da Zamaninsa

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a shekarar 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Ke nan lokacin da ya rubuta wannan littafi shekarunsa ba su wuce ashirin da ɗaya ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin mai karatu na yau yakan buɗe littafin da hoton dattijon da ya zama Firayim Minista a 1957, aka kuma kashe shi a juyin mulkin watan Janairun 1966. Sai ya riƙa jin natsuwar Shaihu Umar kamar natsuwar wancan dattijo ce. Alhali kuwa saurayi ne sabon malamin makaranta ya ari bakin tsoho, yana ƙoƙarin hango yadda rayuwa za ta kasance idan an waiwaye ta daga ƙarshe.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, shi ma ya sa Alhaji Imam ya ba da labarin yawonsa bayan ya dawo gida a cikin Ruwan Bagaja. Waɗannan samari sun fito daga makarantar allo suka shiga ta boko, aka raba su da gidajensu, suka zauna a ƙarƙashin malamai baƙi suna koyon baƙon harshe. Ba zai zama wuce gona da iri ba idan aka ce labarin yaron da ya tashi a hannun baƙi, ya yi ilimi a wata ƙasa, sannan ya dawo yana neman mazauni a tsakanin mutanensa, labari ne da ya shafi marubucin da tsararrakinsa kai tsaye.

Wani abin lura shi ne, an buga littafin a 1934, ita kuwa dokar da ta soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka kafa ta. Saboda haka a lokacin da littafin ya shiga makarantu, mutanen da aka kama a hari suna yara suna nan da ransu, 'ya'yansu da 'ya'yan iyayengijinsu na iya haɗuwa a aji ɗaya.

3.0 Ma'anar Girma a Wajen Bahaushe

Kalmar girma tana ɗauke da ma'anoni aƙalla uku. Ta farko ita ce girman jiki da shekaru, wanda kowane mai rai yake samu idan kwana ya yi tsawo. Ta biyu ita ce girman matsayi, wanda sarauta ko dukiya ko ilimi kan jawo wa mutum. Ta uku ita ce girman hankali, wadda ake kira dattako. Bahaushe yana rarrabe su a maganarsa ta yau da kullum. Yakan ce yaro ya girma, amma bai san ciwon kansa ba. Yakan ce wane ya zubar da girmansa, ko da kuwa furfurarsa da rawaninsa suna nan. Idan kuma ya ce babba juji ne, yana nufin babba shi ne wanda ake jibga wa abin da ba shi ya jawo ba, ya kuma ɗauka.

A cikin laccarsa mai suna Mutumin Kirkii, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka duba da kyau za a ga cewa kusan dukkansu ba sa bayyana sai a cikin hulɗa da wani. Mutum ba ya yin amana ko karamci ko adalci shi kaɗai a ɗaki.

Addini ma ya ƙarfafa wannan fahimta. Aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya: wahalar da uwa ta sha wajen ɗaukar ciki da haihuwa da shayarwa, da kuma cikar ƙarfin mutum a shekara arba'in, inda ake so ya roƙi ikon gode wa ni'imar da aka yi masa da wadda aka yi wa mahaifansa. Wato alamar cikar mutum ita ce ya waiwayi wanda ya sha wahala a kansa. Da wannan ma'auni za a auna Umar.

4.0 Matakan Girman Umar

4.1 Daga Hannu Zuwa Hannu

An haifi Umar maraya a Kagara, domin mahaifinsa ya rasu tun yana ciki. Mahaifiyarsa, mutuniyar Fatika, ta auri Makau, wani na kusa da sarki. Bayan wani hari da aka kai don kamun bayi, fadawa masu hassada suka ƙulla wa Makau sharrin ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Mahaifiyar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, a nan aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, mutanen ƙauye suka tsinci yaron, mahara suka sake kama shi, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim a Kano.

A wannan mataki ƙorafin da ake yi gaskiya ne, sai dai ba aibi ba ne ga littafin. Ƙaramin yaro a ƙasar da ake farautar mutane ba shi da abin da zai ƙulla. Da marubucin ya ba shi wayon Gizo ko ƙarfin jaruman tatsuniya, da ya ɓata gaskiyar zamanin da yake siffantawa. Abin da ya yi shi ne ya nuna cewa ran yaron ya rataya ne a kan halin duk wanda ya riƙe shi, mai son sayar da shi da mai son renonsa. Tun daga nan aka fara tara masa bashin da bai san da shi ba.

4.2 Malanta a Ber Kufa

Abdulkarim ya ƙetare hamada da Umar zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu a wajen Shaihu Mas'ud. Umar ya yi karatun Alƙur'ani da sauran fannonin ilimi har ya kai ga zama a gurbin malaminsa. A nan ya sami girma na farko da na biyu, wato na shekaru da na matsayi. Da a ce manufar littafin ita ce kawai ya nuna cewa mahaƙurci mawadaci ne, da nan ne ya dace a rufe labari: maraya ya zama shaihi, bawa ya zama abin girmamawa.

Amma marubucin bai rufe ba. Ya ɗauke mai karatu daga Ber Kufa ya mayar da shi wajen mahaifiyar, wadda ta bar gidan aurenta ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Ta haka mai karatu ya san abin da Umar bai sani ba. A shekarun da yake zaune a kan buzu ana ɗaukar karatu a gabansa, a shekarun ne ake cinikin mahaifiyarsa. Wannan jeranta rayuwa biyu gefe da gefe shi ne ƙashin bayan littafin, shi ne kuma ya hana mai karatu ya gamsu da malantar Umar a matsayin ƙarshen tafiya. Ilimin yana nan, amma mai ilimin bai san tarihin kansa ba.

Mafarkin da ya tayar masa da tunanin mahaifiyarsa shi ne ya karya wannan zaman lafiya. Shawarar da ya yanke ta barin Ber Kufa ita ce babban abu na farko da ya ƙulla da kansa, kuma abin lura ne cewa shawara ce ta barin matsayi.

4.3 Tarabulus da Hamada

Umar ya sadu da mahaifiyarsa a Tarabulus, ba da jimawa ba ta rasu. Labarin wa'azi na yau da kullum da ya bar ta ta rayu, ɗanta ya fanshe ta, ya kai ta gida, ta ci moriyar haƙurinta. Tafawa Ɓalewa ya hana tauraronsa wannan sauƙi. Umar ya san girman bashin da ke kansa a daidai lokacin da hanyar biyansa ta toshe. Wannan hali ne da duk wanda ya manyanta ya san irinsa, domin sau da yawa mutum ba ya gane abin da iyaye suka yi masa sai sun kusa tafiya ko sun riga sun tafi.

Daga nan sai hamada. Ambaton Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, ya sa ana iya sanya wannan tafiya a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da hanyoyin fatauci tsakanin Tarabulus da ƙasar Hausa suka fara lalacewa. Guguwar yashi ta halaka ayarin, har da Abdulkarim, Umar ya tsira. A ɗan tsakanin nan ya rasa wadda ta haife shi da wanda ya rene shi. Daga ƙarshe ya zauna a Rauta kusa da Bauchi, garin da ba mahaifarsa ba ne, ba kuma inda ya yi suna ba, ya ci gaba da koyarwa. Tunda ba shi da halin sāka wa waɗanda suka yi masa, sai ya juya ga 'ya'yan wasu. A nan ne littafin ya ajiye ma'anar rayuwar Umar.

5.0 Hujja Daga Zubin Littafin

Zubin littafin yana ƙara tabbatar da wannan ra'ayi. Labarin ya taso ne daga tambayar da almajiri ya yi wa Shaihu game da asalinsa. Tambaya ce da ake iya amsawa da sunan gari ɗaya. Shi kuwa sai ya amsa da dogon labari wanda babban kaso daga cikinsa na wasu mutane ne: makircin fada, korar Makau, zamansa a Maƙarfi, da yawon mahaifiyar daga gari zuwa gari.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin rauni, domin mai ba da labari da bakinsa yana faɗin abubuwan da bai gani ba, wasu ma sun faru yana jariri, wasu kuma yana can wata ƙasa. Amma idan aka dube shi ta fuskar jigon girma, sai a ga hikimarsa. Mai karatu yana iya ɗauka cewa yawancin wannan labari daga baya Umar ya tattara shi, musamman daga bakin mahaifiyarsa a kwanakinta na ƙarshe. Ke nan Umar na Ber Kufa, duk da iliminsa, ba zai iya ba da wannan labari ba. Sai Umar na Rauta. Idan aka tambayi yaro ko shi wane ne, yakan faɗi abin da ya yi. Shi dattijon Rauta da aka tambaye shi, sai ya lissafa abin da aka yi dominsa.

Salon maganarsa ma haka yake. Ba ya tsayawa ya baje abin da ke ransa, ko a wuraren da suka fi ciwo. Wanda ya saba da ƙagaggun labaran Turawa yana iya ganin wannan kamar rashin zurfin hali. Sai dai malami ne yake magana a gaban almajiransa, kuma kunya da kawaici ba su bar babba ya yi kuka a gaban na ƙasa da shi. Zafin yana cikin jerin abubuwan da suka faru, an bar wa mai sauraro ya ji shi da kansa.

6.0 Inda Littafin Ya Yi Shiru

Duk da haka akwai inda fahimtar Shaihu Umar ta tsaya, kuma bai kamata mai tarke ya kau da kai ba. Abdulkarim uba ne nagari ga Umar, amma fatauci ne ya kawo shi Kano, kuma bayi suna cikin hajar wannan fatauci. Hamadar da aka ƙetare da Umar zuwa ga ilimi ita ce aka ƙetare da mahaifiyarsa zuwa ga bauta. Shaihu bai tsaya ya yanke wa wannan ciniki hukunci a fili ba.

Ana iya ba shi uzuri ta fuskar al'ada, domin Bahaushe ba ya aibata wanda ya rene shi, balle bayan ransa. Ana kuma iya cewa wahalar mahaifiyar ita kanta hukunci ce da ta fi ta baki ƙarfi. Amma akwai abin da wannan uzuri bai rufe ba. Tausayin littafin ya fi karkata ga wanda aka bautar ba bisa ƙa'ida ba, wato ɗa Musulmi da aka sace ko aka yaudara. Wannan tsohuwar mahanga ce a tsakanin malaman ƙasar Sudan, domin tun farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana rarrabe wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, ya kuma sanya mutanen Kano da Katsina cikin waɗanda bai halatta ba. Su kuwa mutanen ƙasar Gwari da aka kai wa hari a farkon labari, ba a ji muryarsu ba. Abin da ya dami labarin a wurin shi ne ƙaryar da aka yi wa Makau game da yawan bayin, ba kamun kansa ba. Alhali kowane ɗaya daga cikin waɗanda Makau ya kamo yana da uwa, wadda mai yiwuwa ita ma ta fita nema.

Saboda haka ana iya cewa Umar ya kai ga sanin wahalar da aka sha dominsa, amma bai kai ga lissafa wahalar da gidan da ya tashi a ciki ya jawo wa wasu ba. Ko wannan iyaka ta tauraron ce, ko ta saurayin marubuci ce da ke rubuta wa hukuma littafin makaranta tun ba a gama soke bauta ba, abu ne da manazarta za su ci gaba da muhawara a kai. Abin da ba shi da shakka shi ne, marubucin ya ajiye duk kayan da mai karatu ke bukata don ya yi tambayar da kansa.

7.0 Kwatanci da Takwarorinsa

Idan aka ajiye littafin kusa da takwarorinsa biyu, matsayinsa yakan ƙara fitowa. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana cikin ƙulla dabara, musamman a karonsa da Malam Zurƙe. Abin da yake nema yana da suna, yana da wuri, ana iya ɗebo shi a kawo gida a wanke zargi. Ya dawo da nasara da daraja, amma halin da ya fita da shi bai sauya sosai ba.

A Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East kuwa, Abubakar ya mayar da ciwon da aka yi masa, wato raba shi da Zainab da mai dukiya Malam Shehu ya yi, shi ne kaɗai abin da yake rayuwa dominsa. Ya sha wahala mai yawa wajen neman hanyar ramuwa, sharrin ya sauka a kan yaro Kyauta, wanda ya lalace har ya kashe mahaifinsa cikin rashin sani. Abubakar ya fi Umar yunƙuri nesa ba kusa ba, amma wahalar kansa kaɗai yake gani. Wannan ya nuna cewa yawan yunƙurin tauraro ba shi ne ma'aunin girmansa ba, kuma ƙorafin rashin kataɓus da ake yi wa Umar an gina shi ne a kan ma'aunin da bai dace da littafin ba.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa littafin Shaihu Umar ya rarrabe tsakanin girman shekaru da girman matsayi da girman hankali, ya kuma jinkirta na ukun har sai da tauraron ya san abin da mahaifiyarsa ta sha, ya rasa ta, ya rasa uban riƙonsa. An kafa hujja da jerin aukuwar abubuwa da kuma zubin labarin, inda amsar tambaya game da asali ta zama tarihin wasu mutane. An kuma nuna cewa wannan fahimta ba ta kai ga bayin da aka kamo a farkon labari ba.

Littafin ya daɗe a hannun ɗalibai. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Yawancin masu karanta shi a makarantu sa'o'in marubucin ne a lokacin da ya rubuta shi, da yawa kuma suna karatu ne da guzurin da wani ya hana kansa ya ba su. Idan malami ya taƙaita darasin littafin a kan haƙuri da ƙaddara, ya bar rabinsa. Ya kamata a nemi ɗalibi ya bi sawun mahaifiyar kamar yadda ya bi na ɗanta, a kuma tambaye shi labarin waɗanda aka kamo daga ƙasar Gwari.